Bayan 'yata ta faɗo daga amalanke

Shekarun baya, a lokacin da abinci ya yi tsadar da ko tuwon dare sai an yi dabara, 'yata ta biyu ta faɗo daga kan amalanke. Shekarunta takwas. Mun ɗebo harawa daga gona a gefen Makoda, ta hau can sama, saniyar da ke jan amalanken ta zabura, sai ganinta na yi a ƙasa, kanta ya bugi dutse. Ko kuka ba ta yi ba.

A ƙaramin asibitin garinmu suka ce ba aikinsu ba ne, sai Kano. Motocin haya sun yi ƙaranci saboda mai, sai da muka yi tsayuwar da har yau ba na son tunawa. A babban asibiti aka ɗauki hoton kanta, aka kwantar da ita. Kwana biyar tana cikin dogon suma.

Kullum likita ya shigo sai in tare shi. "Likita, yaushe za ta farfaɗo? Za ta yi magana? Za ta gane mu?"

Ya ce, "Malam, hoton ya nuna jinin da ya taru ba shi da yawa, kuma idan na matsa farcenta tana janye hannu. Alamu ne masu kyau. Amma rana, ba zan iya ba ka ba. Ƙwaƙwalwar yaro tana kan girma, wani abin sai an yi shekaru yake fitowa."

Raina ya ɓaci. A zuciyata na ce, mutum ya shekara da shekaru yana karatu, ga na'urori, amma rana ɗaya ta gagare shi faɗa?

Masu zuwa dubiya kuwa kowa ya sani. Abokina, wanda ko allura tsoronta yake, ya leƙa ta sau ɗaya ya ce, "Wannan? Jumma'a za ta tashi. Yara ƙashinsu ɗanye ne." Gwaggona kuma ta zauna a bakin gado, a gaban uwar yarinyar, ta ce, "Ko ta tashi, hankalin ba zai dawo ba. Ɗan maƙwabcinmu haka aka yi, har yau yawu yake zubarwa." Maiɗakina ta fita waje tana kuka. Na ce, "Gwaggo, don Allah dubiya kika zo ko ta'aziyya?" Ta yi fushi, wata biyu ba ta amsa gaisuwata.

A rana ta shida yarinya ta buɗe ido. Bayan sati ta fara cewa "ruwa". Da aka sallame mu tana tafiya, sai dai tana jan ƙafar hagu kaɗan. Likita ya ja min kunne: a bar ta ta huta, kada a yi gaggawar makaranta, a riƙa kawo ta.

To a nan ni ma na zama masani. Da na ga tana wasa da ƙannenta, abokina yana ta ce min "ba na faɗa maka ba," sai na yanke hukunci da kaina cewa ta warke. Na daina kai ta Kano, na mayar da ita makarantar boko da ta allo gaba ɗaya. Ba a yi wata ba abubuwa suka dagule. Surar da ta haddace tun bara ta ɓace mata. A aike ta abu biyu, ta dawo da ɗaya. Hayaniya kaɗan sai ciwon kai da kuka. Har tsawa na yi mata wata rana, na ce sangarta ce.

Mahaifiyata ce ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Kai da ka yi ta jin haushin likita don bai ba ka rana ba, yanzu ka ba wa kanka. Ka mayar da ita asibiti."

Na koma ina sunkuyar da kai. Likitan bai yi min gori ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Ya haɗa mu da masu gashin ƙashi, ya ce karatu rabin yini kawai, a riƙa maimaita mata a hankali. Haka muka yi kusan shekara biyu.

Yanzu ta girma, ta gama sakandare, duk da ta maimaita aji ɗaya. Ɗinki take yi, kuma komai sai ta rubuta don kada ta manta. Har yau ina jin haushin yadda kowa ya yi ta yanke wa yarinyar nan hukunci tana kwance, kuma wanda ya fi cutar da ita a cikinsu ni ne, ubanta.

Halin bai sake ni duka ba. Kwanakin baya na ga ta dafe kai a kan keken ɗinki, na ce, "Ciwon ne ya dawo?"

Ta ɗago ta dube ni. "Baba, zare ne ya ƙare min. Don Allah ka bar ni in gaji kamar kowa."