Kawu Ari da Amaryar Tsamiya

Duk wanda ya san Kawu Ari ya san bai taɓa gaisawa da mutum yana kallon fuskarsa ba. Kansa kullum a sama yake. Sai ya miƙo hannu, bakinsa na "Ina gajiya?", idonsa na cikin rassan tsamiya. Ni hakan ya yi mini, don ba na son a kalle ni. Amma tsoronsa nake ji, wallahi.

Yayan mamata ne, likitan dabbobi. Da ya ajiye aiki a Damagaram sai ya koma garkarsa ta garin Dogo yana binciken kuregen bishiya, ba na ƙasa mai tonon gujiya ba, siririn nan da ba ya son sauka. Ya auna nauyinsu, ya duba haƙoransu, ya tsince ƙumar jikinsu cikin kwalba ya aika labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai. Maganarsa ɗaya ce: "Kada a taɓa!"

Maƙo kuwa, kai! Safar hannun roba da ake yarwa, shi wankewa yake ya shanya. Hutun lakwal da muka fara zuwa, da aka rufe makaranta, na tarar da fararen hannuwa jere a igiya, yatsunsu na motsi. Ban iya wucewa makewayi ba sai da ƙanena Laminu ya raka ni.

Wata rana Inna Fanna, matarsa, ta buɗe firigo za ta ɗauki zoɓonta mai sanyi, ta ga gawar kurege, ta fasa ihu.

"Malam! Mene ne wannan a leda kusa da bisap ɗina?"

"Baƙo ne, Yamai zai wuce. Kada a taɓa!"

Fentin da ake yi wa kurege alama ya ce ya yi tsada, sai ya riƙa ɗibar lallenta yana shafa musu a jela.

"Lallen bikin mutane ne fa, Malam!"

"To ai amarya na sa wa."

Tun ranar sunan macen kuregen da ke kan babbar tsamiya ya zama Amarya. Ita ya fi so.

A hutun nan ne kuregu suka fara faɗowa matattu. Kawu bai san cutar ba, bai kuma san ko tana kama mutum ba. Garka ta yi tsit, ko tsamiya ba ma tsinta. Sai ga Laminu ya shigo bakinsa da maiƙo, jela mai jan lalle na leƙowa daga aljihunsa.

"Ina ka same ta?"

"A ƙasa, Kawu, tana shure-shure. Muka yanka muka gasa."

Ranar na fara ganin idanun Kawu. Ya sauke kai ya dubi Laminu sosai, sannan ya sa safar hannu kafin ya taɓa goshinsa. Inna ta saki salati. Safar nan ta gawar kurege ce, yau ga ta a kan ƙanena.

"Fanna, kira mai moto. A tattaro duk yaran da suka ci."

Ni kuwa da safe na ga Laminu yana zaɓar tsakuwa masu santsi, na kuma ga danƙon harbi a ƙarƙashin tabarmarsa. In na faɗa, zai sha duka. In na yi shiru, ba wanda zai san ko cuta ya ci. Na matso kusa da Kawu.

"Kawu, harbinta ya yi."

Kawu ya juya kan Laminu. "Tana gudu ka harbe ta?"

"Tana tsalle, Kawu."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙyar na same ta."

"Alhamdulillahi! Ɗan banza! Alhamdulillahi!"

Ya rungume shi, ya ture shi, ya sake rungume shi. Duk da haka sai da ya kai yaran wajen likita aka duba su, ba abin da ya same su. Bai doke shi ba. Wankin safar hannu ya ɗora masa har hutu ya ƙare, Laminu na wanki yana kuka. Jelar Amarya kuwa Kawu ya daɗe riƙe da ita a gindin tsamiya.

Da Kawu ya rasu, ranar sadakar ukunsa maza suka zauna a inuwar tsamiyar nan. Ina leƙe ta zana, na ga wani abu ya motsa a reshe, sai kawunansu suka ɗaga sama gaba ɗaya, har da liman.

Allah ya jiƙan Kawu Ari. Yadda ya tsare mu daga abin da ba mu gani, Allah ka tsare shi, ka sa shi a inuwa mai rassa da yawa.