Danni Sittin Kafin Ƙarfe Takwas

A katin da ke rataye a wuyan Nevena an rubuta "Injiniyar Na'urori Masu Sarrafa Kansu". Ita kanta in ta kalle shi sai ta ja tsaki. Shekararta hamsin da biyu, tara daga ciki ta yi su ne a wani ƙaramin kamfani a Plovdiv, kuma aikinta na gaskiya bai wuce wannan ba: kullum ƙarfe shida da rabi na safe ta sauka daga bas, ta sayi banitsa, wani gasasshen abin fulawa mai cuku, a bakin titi, ta shige wani ɗaki mara taga a bayan ofis, ta danna linzamin kwamfuta sau sittin.

Kamfanin yana koya wa ma'aikatan kantunan magani aiki da wata tsohuwar manhaja. A ɗakin karatu akwai allo talatin, amma babu kwamfuta talatin. Babbar na'ura ce guda ɗaya a ɗakin baya, kowace safiya ta haifi kwamfutoci talatin marasa jiki a cikin cikinta, sababbi fil, da yamma ta share su. Akwai jerin umarni da ke shirya su ba tare da hannun kowa ba. Shi ke ba kowace suna, ya zuba mata manhaja, ya haɗa ta da allonta. Layin ƙarshe ne ya kamata ya buɗe manhajar, don ɗalibi ya zauna ya tarar da ita a gabansa, tunda ba a ba ɗalibai kalmar sirri. Wannan layin bai taɓa aiki ba ko sau ɗaya. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da umarnin ke gudana babu wanda ya shiga kwamfutar tukuna, saboda haka babu fuskar da taga za ta buɗe a kai. Kamar mutum ne ya tafi rataya labule a gidan da ba a tada bango ba.

Wanda ya rubuta umarnin shi ne Plamen, ƙanin matar Zahari mai kamfanin. Da ya ga layin ya ƙi, sai ya ƙara masa wani a sama: a jira daƙiƙa casa'in, a sake gwadawa. Da wannan ma ya ƙi, ya mayar da shi ɗari da tamanin. Daga nan ya tattara ya tafi Jamus sayar da tsofaffin motoci, ya bar aikinsa kamar kabarin waliyyi, ba mai taɓawa. Tun watanta na biyu Nevena ta ga gyaran. Ta faɗa wa Zahari, ya ce surukinsa ya yi karatu a Sofiya. Sai aka ba ta kujera a ɗakin baya, tana shiga kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, kowace danni biyu.

Abin da ya fi tada mata zuciya shi ne ranar da baƙi suka zo. Zahari zai sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya tsaya gaban alluna, ya ɗaga hannayensa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, ya ce, "Ku duba da kyau, ba hannun ɗan Adam!" Ita kuwa tana jin sa ta cikin bango, yatsarta tana aiki, maiƙon banitsa yana bin linzamin. Shekara tara ba ta yi hutun da ya wuce Lahadi ba. In ta yi mura sai ta zo da hankici.

Mahaifinta Mincho bai san wannan ba. Shi makanikin injinan ban ruwa ne a ƙauyensu da ke gindin dutse kusa da Karlovo, kuma yana da magana ɗaya da yake maimaitawa har mutane suka haddace: injin da sai an tsaya a kansa ba inji ba ne, jaki ne. In ya zauna da tsofaffi a dandali sai ya ce 'yarsa tana ƙera kwamfutocin da ke tashi da kansu. Nevena ba ta taɓa gyara masa ba. Ranar da ya rasu, Gwaggo Donka, ƙanwarsa, ta kira ta sau uku da sassafe don ya ji muryarta. Tana kan kwamfuta ta goma sha bakwai. Ta ce a ranta bari ta ƙarasa sauran goma sha ukun. Da ta gama ta kira, an riga an rufe masa ido.

Sadakar arba'in ɗinsa ta faɗo ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a bakin kabari. A wannan Asabar ɗin ce kuma wasu manya daga Sofiya, masu kantunan magani fiye da ɗari, za su zo ganin abin al'ajabin Zahari.

Ranar Laraba ta same shi a ofis yana cin kebabche, gasasshen niƙaƙƙen nama, da yatsu.

"Yallaɓai, Asabar ba na nan. Arba'in ɗin Baba ce."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi, bai ɗago ba. "Wace Asabar?"

"Asabar nawa ne a mako?"

Ya ajiye naman. "Haba, Injiniya! To wa zai danna? Ki mayar da ita Lahadi mana. Shi ai ba inda za shi."

Nevena ta kalli maiƙon da ke gefen bakinsa. Ta koma ɗakin baya, ta sa hannu a umarnin Plamen karo na farko cikin shekara tara, ta goge layin jira da layin buɗewa. A madadinsu ta rubuta layi huɗu. Ma'anarsu ba wuya: kada a yi ƙoƙarin buɗe komai yanzu, a bar kwamfutar ta shiga da kanta da sunan ɗalibi, in fuskarta ta bayyana sai manhajar ta buɗe. Ta sa babbar na'urar ta haifi talatin. Ta naɗe hannayenta a ƙirji, ta leƙa ɗakin karatu. Alluna talatin suka kawo haske, manhaja ta buɗe a kan kowane. Ta duba agogo. Minti ashirin gyaran ya ɗauke ta.

Ta kira Zahari ya gani da idonsa. Ya kalli alluna, ya kalli hannayenta, ya zagaya ya leƙa ɗakin baya kamar mai neman kwarto.

"Wa ke ciki?"

"Aljani, Yallaɓai."

"Kin taɓa aikin Plamen ke nan."

"Na share masa kashin da ya bari."

"To ai shi ke nan, ya yi kyau. Amma dai ranar Asabar ki zauna a ciki, ko da wani abu. Inji ba shi da amana."

"Abu ɗaya zan faɗa maka," ta ce. "Manhajar nan tsohuwa ce, ba ta yarda a buɗe ta sau biyu a kwamfuta ɗaya. In tana buɗe aka sake danna ta, duka biyun rufewa suke yi. Kada kowa ya shiga ɗakin nan. Kada a taɓa."

Ya gyaɗa kai irin na wanda ke tunanin namansa ya huce. Ranar Juma'a da yamma ta rubuta "Kada a taɓa" a takarda, ta liƙa a kan linzamin, ta kama bas ɗin Karlovo da baƙin gyalenta a jaka. Zahari ya biyo ta har bakin ƙofa yana cewa ta yi tunani. Ta yi, tun tuni.

Safiyar Asabar dangi suka taru a maƙabarta. Gwaggo Donka ta kawo dafaffiyar alkama mai sukari a babban faranti, da burodi, da kwalbar giyar inabi. Limamin coci ya fara addu'a, kowa da siririn kyandir a hannu. Nan wayar Nevena ta soma kaɗawa a aljihu. Ta bar ta. Wayar ta tsaya, ta sake. Gwaggo ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke, ko ki ɗauka ko ki jefa ta rijiya. Cinyarki sai rawa take kamar ta akuya."

Nevena ta jira har liman ya gama, aka zuba giya a kan ƙasar kabarin, sannan ta koma bayan wata bishiya. Kira goma sha ɗaya. Na goma sha biyu ya shigo, ta ɗauka.

"Nevena! Kin kashe ni!" Zahari ne, yana raɗa yana huci. "Suna mutuwa! Ɗaya bayan ɗaya suna mutuwa a gaban mutane!"

"Kana ina?"

"Ina ɗakin baya mana!"

"Me ya kai ka?"

"Na ce da baƙi zan je banɗaki. Na ga sun buɗe, amma na ce bari in tabbatar. Na danna ta farko ta rufe. Na danna ta biyu ta rufe. Ina kan ta ashirin da biyu yanzu. Har ruwa na zuba a bakin ƙofa da safe don neman sa'a!"

"Takardar da na liƙa fa?"

"Ta tare min maɓalli, na cire."

Nevena ta rufe ido. Mutumin da ya shekara tara yana ɗaga hannu sama yana sayar da rashin hannu, ga shi an ba shi gaskiyar abin a tafin hannunsa ya kasa haƙurin minti biyar. Ƙyama ta kama ta, irin wadda mutum ke ji in ya tarar da gashi a miya bayan ya kusa cinyewa.

"Saurara, Yallaɓai. Cire hannunka daga linzamin."

"Saura takwas, ko in gwada su?"

"Cire, na ce! Akwai koren maɓalli a kusurwar allo, an rubuta a sake haifa. Danna shi sau ɗaya. Ɗaya tak. Sai ka fita, ka kulle ɗakin, ka ba wa baƙinka makullin su riƙe, ka kai su shan gahawa. Minti bakwai."

"In bar ɗakin ba kowa?"

"Abin da ka ce musu kana sayarwa ke nan."

Ta katse. Ta tsaya riƙe da wayar tana kallon agogo. Minti bakwai suka wuce, goma suka wuce, wayar ba ta ƙara motsi ba. Ta san Zahari sarai, bai taɓa kiran mutum don ya ce abu ya yi daidai ba.

Da ta dawo, Gwaggo tana raba alkama a 'yan kofuna, kowa ya karɓa ya ce Allah ya gafarta masa. Wani tsoho abokin Mincho ya riƙe hannunta.

"Ke ce mai kwamfutocin da ke tashi da kansu? Ya ishe mu da labarinki."

"Ni ce, Kawu," ta ce. Karo na farko ke nan da ta amsa ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Bayan mutane sun ragu ta tsuguna gaban kabarin, ta gyara kyandir ɗin da iska ta karkatar. Ta so ta gaya masa cewa yanzu haka talatin suna aiki a Plovdiv, ita kuma tana nan. Ta buɗe baki, sai lissafin ya zo mata da kansa. Layi huɗu. Minti ashirin. Da ta yi su wata Larabar cikin ɗaruruwan da suka wuce, da ranar da mahaifinta ya rasu ta ɗauki wayar Gwaggo tun kira na farko. Duk tsakin da ta shekara tara tana ja wa Zahari da surukinsa ya juyo kanta.

"Baba," ta ce a hankali, "jakin ni ce."

Gwaggo Donka ta miƙo mata kofin alkama. Ta karɓa.