Ana Ji Na?

Shekarun baya, farkon dawowar mulkin farar hula, mahaifina ya sayo wata tsohuwar kwamfuta ya girke ta a falonmu na Tarauni. Ba ya barin kowa ya taɓa ta. Ya taɓa ce mana ya naɗi muryarsa a ciki, muka yi ta yi masa dariya. Da ya rasu sai muka tarar ba mu da muryarsa ko a kaset, sai a cikinta. Ita kuma ta ƙi buɗuwa.

Ni da nake cika baki a unguwa wai na iya kwamfuta, iyakacina kunnawa da buga kati. Dole na nemo abokina mai gyara a Gyaɗi-Gyaɗi. Mahaifiyata tana takaba, ta kuma ce na'urar Malam ba za ta bar gidan ba, don haka shi ya zo bayan la'asar.

Ya duba ya ce, "Umma, ƙwayar cuta ce ta shige ta."

"Ita ma?" in ji mahaifiyata daga bakin ƙofa.

Babu wanda ya yi dariya. Cuta mai yaɗuwa ce ta yi ajalin Baba. An killace shi a asibiti, aka hana mu shiga har rai ya yi halinsa.

Abokina ya zura faifan maganin cutar. Allon ya yi baƙi ƙirin, babu hoto, sai wani ɗan farin layi yana ƙiftawa. Ya ce cutar ta toshe hanyar da aka saba, sai dai a rubuta wa maganin umarni da hannu. Ya rubuta, ya danna. Rubutu ya yi ta gudu sama. Can sai sunan mahaifina ya fara fitowa, layi bayan layi, kowanne da ɗan kukan na'ura. Inda ya ajiye muryar, nan cutar ta yi gida. Ga rana a tsakar gida, ga hayaniyar yara a waje, amma tsikar jikina ta tashi.

Sai rubutun ya tsaya.

"Me yake cewa?" in ji mahaifiyata. "Yake" ta ce, ba "take" ba, kamar Baba take nufi, ba na'urar ba.

Abokina ya ce, "Tambaya ce, Umma. A goge, ko a killace?"

Sai ta ce, "Kada a sake killace shi."

Abokina ya ce akwai umarnin wankewa, amma in ya ƙi, muryar na iya lalacewa har abada.

"Yi bismilla ka wanke," in ji ta.

Ya rubuta, muka jira. Ya kashe, ya kunna. Allon ya yi haske, kuma kafin kowa ya taɓa komai, sai muka ji gyaran murya.

"Ana ji na? Ana ji na?"

Abokina ya ture kujera. Ni kam, jarumin gida, tuni na kai zaure. Da na dawo na tarar mahaifiyata ta shigo ta zauna gaban allon.

"Muna jin ka, Malam," ta ce.

Iyakar abin da Baba ya naɗa ke nan, gwaji kawai yake yi. Daga baya abokina ya gano Baba ne ya mai da shi sautin da na'urar ke yi in an kunna ta. Na yarda da bayanin, amma bai cire mini komai ba. Har yau in na ji mai gwada lasifika a masallaci ko wurin biki ya ce ana ji na, gabana sai ya faɗi. Kuma duk da na san ba da ni yake ba, a zuciyata sai na amsa.