Keken da Mai Gadi Ba Ya Ji

A maɗaba'ar da ke bayan tashar mota akwai wani dattijo da kowa ke kira Mai Yanka. Shekara ashirin da shida ke nan yana tsaye gaban injin yanka takarda, wanda wuƙarsa ta fi hannun mutum tsawo, kuma yatsunsa goma cif suke. A wannan sana'a ba kowa ke iya faɗin haka ba. Gajere ne, ba ya son surutu, ba ya kuma son a taɓa masa ma'auni.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, hawan tudun da ke tsakanin gida da wurin aiki ya gagare shi a kan tsohon kekensa. 'Yarsa ta fari, malamar makaranta, ita ta zaga shaguna ta zaɓo masa keke mai caji, baƙi, da batir a ƙarƙashin sirdi. Ta koya masa cire batirin, ta hana shi barinsa cikin rana. Bayan wata huɗu ta kwanta rashin lafiya, kwana tara ta rasu. Ranar da hutun da aka ba shi ya ƙare, ya hau keken ya koma aiki.

Keken bai taɓa ba shi kunya ba. Minti ashirin da biyar yake kai shi, ko gumi babu. Abokan aiki suka raɗa wa keken suna Munafuki, domin sai dai ka waiga ka gan shi a bayanka.

Inda gizo ke saƙar shi ne bakin ƙofa. Maɗaba'ar ƙofa biyu gare ta. Babbar, ta ƙarfe, ta masu mota da babur ce. Ƙaramar ta masu ƙafa da kekuna ce, tana da matakala huɗu da aka gina shekarar da ruwa ya shiga ya jiƙa takardu. Tsohon keke da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Wannan kuwa ya haura rabin buhun siminti nauyi. Tsohon mai gadi yakan buɗe masa babbar ba tare da magana ba, amma ya yi ritaya, aka kawo sabo. Shi wannan a cikin ɗakinsa yake zama, ya ba ƙofa baya, da kunne yake aiki: ya ji hon ko ƙugin inji, ya tashi ya buɗe.

Ranar da sabon mai gadin ya fara aiki, Mai Yanka ya kaɗa ƙararrawa har yatsansa ya gaji. Mai gadi ya leƙo.

"Baba, ta can masu keke ke bi."

"Wannan da wuta yake tafiya, ɗana."

"Ni ban ji inji ba."

"Ai ba ya ƙara."

"To abin da ba ya ƙara keke ne. Haka aka ce mini."

Dole ya tsaya a gefe, sai da motar takarda ta zo ya bi bayanta kamar jela. Kafin ya isa teburin sa hannu, akawu ya riga ya ja jan layi, don ƙarfe takwas daidai yake ja. Sunan Mai Yanka ya faɗa ƙarƙashin layi, karo na farko a rayuwarsa. Bayan kwana shida aka maimaita. Dokar gidan kuwa a rubuce take: wanda ya makara sau uku a wata, a ɗauke shi daga kan inji a mayar da shi sito, ya riƙa jidar kwali.

Ya je ofishin manaja, ya tsaya ya faɗi abin da ke faruwa, bai ƙara ba bai rage ba. Manaja ya saurare shi da kai a karkace, sannan ya dubi akawu ya rage murya, kamar wanda ake magana a kansa ya fita.

"A riƙa yi masa uzuri. Tun da aka yi masa rashin nan ba ya cikin hayyacinsa." Ya juyo. "Malam, wataƙila ma sito ya fi maka sauƙi. Wuƙa ba ta son mai tunani."

Mai Yanka ya gyara tsayuwa. Ƙofa ya zo nema, aka jawo masa 'yarsa aka shimfiɗa a kan tebur. Ya ce, "Na gode," ya fita.

A gida matarsa ta ce, "Baban yara, ka ɗaure shi a waje mana, ka shiga da ƙafa."

"A bakin tasha? Kafin azahar ko ƙararrawar ba za a bar mini ba."

"To ka riƙa fita da wuri."

"Ko da asuba na je, sai mai inji ya zo za a buɗe. Shekara ashirin da shida, a ce sai na raɓe a gindin bango ina jiran alfarmar babur?"

Ranar Litinin ya iso takwas saura ashirin. Ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. Ba a buɗe ba. Sai ya sauka, ya gitta keken a tsakiyar babbar ƙofa, ya kafe shi, ya zura sarƙa ya haɗa tayar baya da ƙarfen ƙofar, ya danna kwaɗo. Mabuɗin ya jefa a aljihu.

Babura suka fara taruwa. Mai ɗaurin littattafai ya cire hular kwano yana dariya. "Kawu, yau Munafuki ya yi magana ke nan?"

Akawu ya iso a kan nasa babur, ya dubi agogo ya dubi sarƙa. Motar manaja ta zo ta tsaya a baya, tana hon. Mai gadi ya fito a guje, ya ja ƙofa, ta ƙi.

Manaja ya sauke gilashi. "Malam, mene ne haka?"

"Ranka ya daɗe, hukunci nake jira. Wannan keke ne ko mai inji?"

"Keke ne mana."

"To bismillah, a ɗaga mini shi a hau matakala. Zan buɗe kwaɗon yanzu."

Manaja ya yi wa mai gadi nuni. Mai Yanka ya buɗe sarƙar. Mai gadi ya tura keken zuwa ƙaramar ƙofa, ya kama sirdi da kan keke, ya yunƙura. Tayar gaba ta hau matakala ɗaya, ta baya ta ƙi barin ƙasa, feda ta daki ƙaurinsa. Ya sake yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta fito.

"Da ƙarfi, ɗana," in ji Mai Yanka. "Ai keke ne. Ni mai shekara hamsin da tara kake so in yi haka kullum."

Ba wanda ya yi dariya. Mai gadi ya sauke shi yana haki, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Wallahi wannan ba keke ba ne."

Takwas ta wuce da minti goma kafin kowa ya shiga. Ranar ba a ja jan layi ba, domin mai jan ma a waje takwas ta same shi.

Da hantsi akawu ya kawo masa takarda. Gargaɗi ne a kan tare hanya, da dakatarwar kwana biyu daga gobe. Babu maganar makara a ciki, babu maganar sito. A ƙasa an ƙara da biro cewa keke mai caji ya riƙa bi ta babbar ƙofa.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya koma gaban injinsa. An tara masa littattafan lissafi ɗari uku suna jiran a daidaita bakinsu. Ya ɗaga hannuwansa ya dubi yatsun nan goma, ya san ba zai kusanci wuƙa ba sai ransa ya kwanta. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora su a kan gwiwa. Mai ɗaurin littattafai ya leƙo ya ce ana jira.

"A jira," in ji shi.