Taswirar Kabarin Malam Badaru

Daga Allah muka fito, kuma Malam Badaru Isah ya riga mu komawa gare Shi da hantsin ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Safar, 1446, a gidansa da ke unguwar Ƙurban a Madina, bayan jinyar kwana tara. An yi masa salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Duk wanda ya taɓa sayen dabino a layin shagunan da ke kusa da Masallacin Ƙuba ya san shi: dattijo siriri, tabarau a kan tsinin hanci, bangon shagonsa lulluɓe da tsofaffin taswirori.

Badaru, shekara ashirin da shida muna tare, kuma duk tsawon lokacin nan ina ƙyashinka. Ban taɓa faɗa maka ba, ko da yake ina zaton ka sani. Yau na faɗa ne saboda ƙyashin ya kai ni ga cutar da 'yarka Wafa. Ta roƙe ni in zana mata inda kabarinka yake, na zana mata, alhali ban san inda yake ba. Amma bari in fara gaya wa mutane ko wane ne kai.

Wata shekara lokacin aikin Hajji ka tsinci wani tsoho, alhaji daga ƙasar Sin, zaune a bakin titi yana kuka, ya ɓace wa 'yan'uwansa. Ba ka jin yarensa, ba ya jin naka. Ka rufe shago a tsakiyar ciniki, ka riƙe hannunsa, kuka bi masauki bayan masauki har rana ta karkata kafin ka samo mutanensa. Bayan wata huɗu sai ga saƙo daga ƙasarsu: kwafin wata tsohuwar taswira a naɗe, da rubutun Sinanci a gefe, da wani abu mai kama da Afirka a kusurwa. Daga ranar ka kamu. Ka tara wasu har goma sha bakwai, ka kuma ƙudure a ranka cewa jiragen ruwan Sin sun kewaya duniya tun kafin Turawa su san hanya.

Ni kuwa ilimin labarin ƙasa na karanta har digiri, na koyar shekara takwas a gida kafin in zo nan in zama mai tsaron sito a otal. Kai ko firamare ba ka ƙare ba a Damagaram. Amma kowace Juma'a da yamma shagonka ake cika, 'yan Sudan, 'yan Chadi, Kanawa, har da masu Umra da suka shigo sayen dabinon ajwa suka manta da motar da ke jiransu. Kana ɗora yatsa a kan takarda kana cewa, “Shuf, duba, nan suka sha ruwa, nan iska ta juya su,” su kuwa baki buɗe kamar an ba su labarin aljanna. In na yi gyara, sai a saurare ni da ladabi, a jira in gama, a koma gare ka. Wallahi wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Har gobe ina kan bakana. Cewa jiragensu sun iso gaɓar Larabawa da gabashin Afirka, wannan ba mu taɓa musu a kai ba. Abin da ya wuce nan, takardunka ba su isa hujja ba, kwafin kwafi ne, ba a san wanda ya ƙara ba, ba a san wanda ya rage ba. Sai dai gaskiyar da nake da ita ba ta taɓa sa kowa ya matso da kujerarsa kusa da ni ba, kuma wannan ne ban yafe maka ba.

Kai kuwa me ka saka mini da shi? Duk baƙon da ya zo sai ka nuna ni ka ce, “Ga Ustaz Haladu, shi ne mai karatun, ni mai dabino ne.” Da wani ɗalibin jami'a ya zo ɗaukar bayaninka, sau uku kana kirana a waya in zo, na ce ina da aiki, alhali ina kwance ina kallon silin. Daga baya na ga rubutun ɗalibin. Ashe ka jera masa duk sukar da nake yi maka, ɗaya bayan ɗaya, ba ka rage mata kaifi ba, ka kuma tsaya a kansa sai da ya rubuta sunana daidai. Da aka yi mini aikin ido, kwana goma sha biyu kana hawa bas ka zo unguwarmu ta Al-Sih da kwanon miyar kuka daga hannun maiɗakinka Asama'u, ka zauna kana tsokanata da maganar jiragen Sin don kada in yi shiru in shiga tunani. Na ci miyar, na ji daɗinta, na kuma ji haushin cewa ko a kirki ka fi ni.

Ranar jana'izarka ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Wafa ta tare ni tun a ƙofar gida, domin mata ba sa shiga Baƙi'a, kuma kaburburan can ba suna, ba lamba, dutse ne kawai kamar kowane dutse. Ta ce da Larabci, “Ya ammi, baffana, kai ne ka san taswira. Ka riƙe min wurin, amana.” Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Ban riƙe ba. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare a watan Rajab, kamfani ya ce ba sabuntawa, shekaruna sun wuce. Shekara talatin ina roƙon Allah Ya ɗauki raina a garin nan. Da na ga ana saukar da kai cikin ƙasar Baƙi'a, abin da ya zo mini shi ne: har wannan ma shi ya samu. Na tsaya ina ƙirga mutanen da suka zo maka, ina tambayar kaina ko nawa za su zo mini a wani ƙauye da yaransa ba su san fuskata ba. Ban ƙirga taku daga ƙofa ba, ban duba kwana nawa muka sha ba, ban daidaita wurin da wata hasumiya ba. Na zuba ƙasa sau uku, turereniya ta fito da ni.

A rana ta uku ta zaman makoki Wafa ta kawo mini takarda da biro. Kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Na zana ƙofa, na zana hanyoyi, na sa kibiyar alƙibla, na ɗiga alama a inda zuciyata ta raya mini. Taswirar ta fito tsaf. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, “Allah yijzak khair, ya ammi.” An gaya mini kowace safiya tana zuwa bayan shingen ƙarfe, ta buɗe takardar, ta fuskanci wurin, ta yi maka sallama.

Na koma sau biyar a lokutan da ake buɗe wa maza ƙofa. An binne mutane da yawa bayanka, sabuwar ƙasa duk iri ɗaya ce. Malamai sun ce mini addu'a tana isa ga mai ita ko ina aka fuskanta, na kuma yarda. Amma ba fatawa Wafa ta nema a wurina ba, wurin ubanta ta nema.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya tsaya a bakin kabarin nan ranar Alhamis ɗin, musamman mutum biyun da suka shiga ramin, waɗanda ban ma kalli fuskarsu ba, su neme ni a shagon marigayin bayan la'asar. Ina can kullum.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Badaru, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ya tashi cikin maƙwabtan ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka karɓi wahalar da ya yi wa baƙinKa, Ka yafe masa kurakuransa. Ka wanke zuciyata daga abin da na riƙe a kansa, shi da bai taɓa riƙe ni da komai ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Asama'u, da ƙaninsa Yahya, da dangi na nan da na Damagaram, da jama'ar majalisar Juma'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Wafa, na san ba kya karanta Hausa, mahaifiyarki ce za ta karanta miki wannan. Takardar da ke hannunki ƙarya ce, ni na yi ta, ki yafe mini in kin iya. Wata biyar suka rage mini a Madina, kuma ba zan sake ɗiga miki alama ba sai da shaidu biyu tsaye a gefena.