Ranar da Kwamfuta Ta Taɓa Asalin Baffa

Abubuwa da yawa sun same ni a aikin kwamfuta, yawancinsu na manta. Amma abin da ya faru a ƙauyenmu washegarin wata Babbar Sallah, wannan kam ba zan manta da shi ba muddin ina da rai. Shekaru sun wuce, Baffan da abin ya shafa ma ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau idan na zauna zan rubuta saƙon da manhaja za ta nuna wa mutum in an sami kuskure, fuskarsa nake fara gani.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, ba ka iya takawa ba ka shiga abincin wani ba. Gidanmu gidan malamai ne kuma manoma. Wanda ya kafa shi, kakan mahaifina, Malam Babba muke ce masa, ba wanda ke kama sunansa. Zuriyarsa ta yaɗu har ta kai wasu yaranmu suna haɗuwa a kasuwa ba su san juna ba. Shi ya sa dattawa suka ce tunda ni aikina ke nan, in tsara musu abin da za a tara salsalar gidan a ciki.

Na yi amfani da wani rumbun bayanai da nake aiki da shi kullum, irin manhajar nan ta kowa da kowa wadda masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke ginawa. Tana da wani sashe da masu sana'ar ke kira giraf. Abin ba shi da wuyar ganewa: kowane mutum ɗigo ne, kowace dangantaka kuma zare ce da ke haɗa ɗigo da ɗigo. Wane ya haifi wane, wane ya auri wance. Na sa wa zaren haihuwa sharaɗin kada ya zagayo ya koma inda ya faro, tunda mutum ba ya zama kakan kansa. Kafin Sallah gidaje da dama sun turo sunayensu ta waya, aka bar sauran sai ranar taro.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Malam Babba, maza ta gabas, mata ta bakin ɗakuna. An yi ruwa da safe, ƙasa na ƙamshi, ga soyayyen nama ana ta zagayawa da shi. Wani ɗan'uwanmu, hedimastan firamare, jikan ƙanen kakana, shi ya kawo talabijin ɗinsa da batirin sola aka jona kwamfutar don kowa ya gani. Shi ne kuma ya zauna yana shigar da sunaye, ni ina can gefe ina taya tsofaffi tuna wa ya auri wa. Duk sanda sabon ɗigo ya fito aka ga zarensa ya miƙe zuwa Malam Babba, sai ka ji mata suna ma sha Allah.

Aka zo kan Baffa, ƙanen mahaifina. Mahaifina ya rasu tun ina sakandare, Baffa ne ya riƙe mu. Mutum ne mara yawan magana, dogo, kullum hannunsa da kanta saboda fartanya. Mai Sunan Malam ake ce masa, don sunan Malam Babba ya ci. Hedimasta ya rubuta sunansa, ya haɗa shi da kakana a matsayin ɗa, ya danna. Sai wani jan rubutu na Turanci ya fito, 'yan kalmomi da wata lamba.

Wani dattijo ya ce, "Me ya ce kuma?"

Hedimasta ya matso da fuskarsa, ya karanta, ya fassara da ƙarfi kamar yadda ya saba a gaban aji. "Wai dangantakar nan ba ta halatta ba."

Fassararsa daidai ce, abin da kalmomin suka ce ke nan. Ni da na saba ganin irinsu sau ɗari, na ɗauka ƙaramin abu ne, na miƙe ina cewa bari in duba. Sai na lura gidan ya yi tsit. Matan da ke hira sun daina. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Baffa ya ajiye naman da ke hannunsa a kan faifai, ya goge yatsunsa, ya sa takalmansa, ya fita. 'Ya'yansa maza suka bi shi, babbansu ya tsaya a bakin zaure ya yi wa Hedimasta wani kallo sannan ya wuce.

Ban fahimci komai ba sai da Goggo, yayar mahaifina da Baffa, ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

Ta ce, "Kai ba ka san komai ba, ko? Ba laifinka ba ne, mun binne maganar tun kafin a haife ka."

Ta ba ni labari. Kakana ya tafi cirani, ciwo ya kama shi a hanya, ya rasu can. Bayan labarin rasuwar ya iso aka haifi Baffa, kuma haihuwar ta ɗan ja, har masu son magana suka fara lissafi da yatsu. Malam Babba ya tara mutane ranar suna, ya ɗauki jaririn a hannunsa, ya ce wannan jininsa ne, ya raɗa masa sunan kansa don ya rufe bakin kowa. Bakuna suka rufu a fili. Amma Baffa ya tashi yana jin raɗa, yara sun taɓa jifansa da maganar a makarantar allo, kuma mahaifiyarsu, kakata, ta mutu da ciwon abin a ranta.

Goggo ta ce, "Yau ga shi ƙarfe ya faɗa a gaban surukai da jikoki. Wa ya gaya masa?"

Na ce babu wanda ya gaya masa, bai san komai ba. Ta dube ni ta ce, "To me ya sa ya yi magana kamar ya sani?"

Na koma kan kwamfutar, kuma ban jima ba na gano abin da ya faru. Da Hedimasta ya rubuta sunan Baffa, sunan ya fito a jerin waɗanda aka riga aka shigar, suna ɗaya, ƙauye ɗaya. Ya zaci 'ya'yan Baffa ne suka turo shi, sai ya zaɓa. Ashe ɗigon Malam Babba ne. Ga manhajar, an ce mata Malam Babba ya haifi kakana, yanzu kuma ana ce mata kakana ya haifi Malam Babba. Zare ya zagayo, ta ƙi karɓa. Ta yi daidai da ta ƙi. Kuma a lokacin da ta ƙi, ta san sunayen duka biyun, ta san inda zaren ya zagayo, amma ko ɗaya ba ta faɗa ba. Ta zaɓi kalma guda mai kama da hukuncin alƙali ta jefo.

Na yi wa waɗanda suka rage bayani, suka gyaɗa kai, amma rabin mutane sun watse. Kafin magariba maganar ta kai ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, kuma ba bayanina ne ya kai ba. 'Ya'yan Baffa suka ce Hedimasta da gangan ya yi, saboda wata tsohuwar taƙaddama a kan iyakar gona. Suka daina sallah a masallacin ƙofar gida.

Washegari da hantsi na sami Baffa a gona yana noma, gero ya kai gwiwa. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na zana masa abin a ƙasa da tsinke, ɗigo uku da zare, na nuna masa yadda sunansa ya haɗu da na kakansa. Ya dogara da fartanya ya kalla har na gama.

Ya ce, "Na gane. Ni ban taɓa shakkar uwata ba. Amma waɗanda suka ji fa, kowa za ka bi gona ka zana masa?"

Na ajiye tsinken.

Ya ce, "Wanda ya rubuta maganar nan, mutum ne?"

Na ce mutum ne, Baffa, a wata ƙasa mai nisa.

"Ya san a gaban wa za a karanta ta?"

Na ce bai sani ba. Ya ce, "To," ya koma ga nomansa.

Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci na roƙi dattawa suka zauna a zaure, har da babban ɗan Baffa. Hedimasta da kansa ya ce a gwada da shi, don shi ma ɗansa na fari sunan mahaifinsa ya ci. Muka maimaita kuskuren a gaban kowa, jan rubutun nan ya sake fitowa, wannan karon a kan ɗan Hedimasta. Ya karanta ya fassara kamar yadda ya yi ranar taron. Wani tsoho ya ce ashe duk mai sunan kaka a garin nan bai tsira ba ke nan, aka ɗan yi dariya. Babban ɗan Baffa bai yi ba, amma da aka tashi ya miƙa wa Hedimasta hannu.

Wannan ya kashe wutar a gidanmu, amma ni bai kwantar mini da hankali ba. Manhajar nan mutane da yawa ke amfani da ita, kuma ban san a wace tsakar gida za a sake karanta jan rubutun ba. Da na koma Kano na rubuta wa masu kula da ita. Ban ambaci sunan kowa ba, na dai ba su labarin yadda abin ya faru, na ce ina so in gyara saƙon. Ɗaya ya amsa cewa saƙon gaskiya ya faɗa, kuma an rubuta shi ne don masu gina manhaja, aikina ne in rufe shi da nawa saƙon kafin ya kai ga jama'a. Yana da hujja, kuma na yi hakan a tsarin gidanmu. Amma na ce masa ko ni mai sana'ar sai da na yi tono kafin in gane abin da saƙon ke nufi. Wata mata a cikinsu ta goyi bayana, ta ce ita ma ta sha ɓata yini a kan wannan lambar.

Muka yi makonni muna ja. Rubutuna na farko ya yi tsawo, suka datse. Na so saƙon ya ce kai tsaye an haɗa mutum biyu masu suna ɗaya, suka ce manhajar ba ta da tabbacin haka, kada ta faɗi abin da ba ta sani ba. Na yarda, don daman abin da ya jawo mana ke nan. Daga ƙarshe muka tsaya a kan abu uku: ta faɗi abin da ta ƙi yi, ta nuna abin da ta gani da sunayen da mai amfani ya saka, sannan ta ba da shawarar inda za a duba. Kalmar nan mai kama da hukunci muka cire ta gaba ɗaya. Da na shiga sauran saƙonnin sashen sai na ga duk halinsu ɗaya. In zare ya rasa ɗigo a gefe guda, ba sa faɗar wane gefe. In an haɗa abubuwan da ba su dace ba, ba sa faɗar me ake jira. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka taya ni, aka karɓi gyaran.

Da kaka ta yi na je gida, na sami Baffa a ƙofar gida yana ɗaure damin gero. Na buɗe kwamfutar, na maimaita kuskuren da gangan, na ce ina so ya ji abin da take cewa yanzu. Na karanta masa da Hausa: ba a ajiye wannan haɗi ba, domin zai mayar da mutum kakan kansa, ga yadda zaren ya zagayo, wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi na farkon, a duba ko abu biyu ne masu suna ɗaya aka ɗauka a matsayin ɗaya.

Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya daɗe yana kallon allon da bai iya karanta shi ba, sannan ya ce, "Wannan ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba." Ya ce in saka shi daidai a ƙarƙashin ubansa, in saka mahaifiyarsu kusa da shi. Na saka, ya ga zaren ya miƙe, ya ce Allah ya yi mini albarka. Amma har ya rasu bai ƙara zama a taron zumunci ba. Yakan zo ya gaisa da mutane a zaure ya koma.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, magana ba ta tsayawa a wurin wanda aka rubuta wa ita. Za ta fita, wani ya fassara ta, ta sauka a kunnen mai tsohon ciwon da ba ka san da shi ba. Gyara yana yiwuwa, na gani da idona, amma ba ya mayar da komai yadda yake. Shi ya sa yanzu, ko manhaja nake rubuta wa magana ko ni ne zan buɗe baki in ce wa mutum a'a, nakan faɗi abin da na gani da inda za a duba, in bar hukunci ga wanda ya san abin da ban sani ba.