Taswirar da ta bi tukunyar tuwo

Asubar fari muka bar Kano, ni da 'yata mai karatun digiri na biyu. Ni ɗan rakiya ne kawai, aikina riƙon jaka da ƙorafin tsada. Ita kuwa malaminta ya ce ko ta kawo taswirar unguwannin da Hausawan Dubai suka zauna, da can da yanzu, ko ta maimaita shekara.

Dubai dai titi kan titi, jirgin ƙasa ba direba, shayi kuma a ɗan kofin da ko maƙogwaro ba ya jiƙawa. Muka sauka a unguwar Muraqqabat. Ta bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, har masu kayan gyaran mota na Ras Al Khor, tana roƙon kowa ya turo mata alamar gidansa ta waya. Kowa ya ce khalas, wato an gama, ya turo.

Da ta buɗe kwamfuta, ɗigo ɗaya ne jal a taswirar. Ta zaci manhajar ce ta lalace, ta kashe ta kunna, har idonta ya ciko. Tausayinta ya kama ni, na ce mu bi ɗigon mu gani.

Ɗigon ya kai mu ƙofar wata Hajiya mai tuwo. Takalma tuli, ƙamshin miyar kuka har waje. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ji damuwarmu, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ɗiyata, ɗaki guda muke cushe, gado bisa gado. Wa zai gwada ma baƙo wannan? In ana biɗar mutum, nan ake ishe shi. Voilà, shi ke nan."

'Yata ta ce da can fa? Ya ce ai a Satwa Hajiya ta fara, duk sanda haya ta tashe ta kowa sai ya tattara komatsansa ya biyo ta. 'Yata ta jawo tsofaffin hotunan garin da aka ɗauka daga sama, tana mayar da shekaru baya. Dattawa suka rufu a kanta, suna dangwala yatsu masu maiƙo a gilashin, ana gardamar inda tukunyar ta taɓa zama. Ɗigo ɗaya ya zama layi. Ni kuwa na ƙara malmala, don bincike sai da ƙarfi.

Mun dawo lafiya, malamin ya karɓi aikin. Darasin da na ɗauko shi ne, Bahaushe inda ake samunsa nan ne gidansa. Na faɗa wa uwargida haka ina wani ƙasaita. Ta ce ai ta daɗe da sani, don ranar da 'yar tamu ta gwada manhajar a kaina, teburin mai shayi na tura.